Kwikwiyata na shan ruwa ba ƙaƙƙautawa kuma ta ƙi girma, wai ciwon ƙoda ne tun haihuwa?

Ummi_R: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar karnuka ku taimaka min. Ina da kwikwiya Shih Tzu wata biyar yanzu, tun da na karɓo ta tana wata biyu na lura tana shan ruwa sosai amma na ɗauka ƙuruciya ce, to yanzu abin ya wuce misali, kwanon ruwanta sai na cika shi sau uku sau huɗu a rana, fitsarin kuma fari fat kamar ruwan da ta sha ko wari babu, da daddare ma sai ta jiƙa shimfiɗarta. 'Yar'uwarta da suka fito ciki ɗaya tana hannun ƙawata, wallahi ta kusa ninka ta a girma, tawa kilo 2 kacal, gashinta ma ya bushe ba ya sheƙi. Na kai ta asibiti an ɗebi jini, kiretinin, wato awon da ke nuna aikin ƙoda, ya nuna 1.3, likitan ya ce yana cikin iyaka ba komai, ya ba mu maganin tsutsa. Amma hankalina bai kwanta ba, wata ta ce min irinsu ana haifarsu da ciwon ƙoda. Ta yaya ake gane wannan ne tun kafin ya yi nisa?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya ƙananan karnuka haka suke da shan ruwa, tunda likita ya duba jini ya ce lafiya ai magana ta ƙare. Ki riƙa ɗauke kwanon ruwan da daddare kawai, za ta daina jiƙa shimfiɗa.

Dokta Vet: Malam dan Allah wannan shawarar ta ɗauke ruwa a bar ta tukuna. In har ƙodar ce ke da matsala, fitsarin ne ke zuba da yawa shi ya sa take bin ruwa tana mayar da abin da ta rasa, ba wai shan ruwan ne ke jawo fitsarin ba. Kare mai lafiya in an hana shi ruwa ƙodarsa za ta riƙe ruwan jiki, amma wanda ƙodarsa ta kasa haka zai ci gaba da zubar da shi har jikinsa ya bushe, dare ɗaya na iya kwantar da kwikwiyo mai kilo 2. Hajiya Ummi kar ki taɓa barin kwanon nan ba ruwa.

Sannan maganar 1.3 ɗin nan ni ba zan ce ba komai ba. Kiretinin daga tsoka yake fitowa, iyakar da ke jikin takardar sakamako kuma galibi ta karnukan da suka gama girma ce. Kwikwiya ramammiya mai kilo 2 ba ta da tsokar da za ta samar da shi da yawa, ya kamata nata ya zauna can ƙasa, to idan har ya hau 1.3 abin dubawa ne. Kuma ko a babban kare kiretinin ba ya fita daga iyaka sosai sai kusan kashi 75 cikin 100 na aikin ƙoda ya tafi, alhali ƙoda na fara kasa kauraro fitsari tun an rasa kamar kashi biyu cikin uku. Kin ga ke nan fitsari na riga jini tona asiri. An duba fitsarinta kuwa?

Ummi_R: A'a Dokta, ba a ma tambaye ni fitsari ba, jini kawai aka ɗauka.

Dokta Vet: To daga nan za a fara. Abu biyu za ki yi. Na ɗaya ki auna ruwan da take sha a awa 24, ki zuba da kofin awo ki rubuta, washegari ki auna abin da ya rage ki cire, ki yi haka kwana uku. Kare mai lafiya yana shan kamar mililita 40 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana, in ya haura 100 a kilo to ya zama shan ruwa na ciwo. Taki mai kilo 2 in ta wuce 200 an shiga layin. Na biyu ki tari fitsarin farko na safe a roba mai tsafta ki kai da wuri a auna kaurinsa da na'urar da ake kira rifraktomita, ba da tsinken takardar nan da ake tsomawa ba don shi bai da tabbas a wannan awon. In ya kai 1.030 ko sama ƙodar na iya aikinta, in kuma yana tsakanin 1.008 da 1.012 to ƙodar ba ta yi masa komai ba, yadda ya tace daga jini haka ya fito. Jarirai 'yan ƙasa da wata biyu ana musu uzuri don ƙodarsu ba ta gama nuna ba, amma 'yar wata biyar ba ta da wannan uzurin.

Mai Kiwo 77: Ni dai abin da ke damuna da irin wannan zancen, da an ga kwikwiyo bai girma ba sai a ce gado ne, laifin mai kiwo ne. Shekarata goma sha ina kiwon karnuka, na ga waɗanda ƙodarsu ta lalace saboda mai su ya ba su ibuprofen na mutane, na ga wanda ya lashi ruwan sanyaya injin mota, na ga wanda aka yi ta danna wa allurar jentamaisin ba lissafi. Duk waɗannan ba haihuwarsu aka yi da shi ba. Kar a yi saurin yanke hukunci ana ɓata wa mutane suna.

Dokta Vet: Malam maganarka na kan hanya, kuma shi ya sa ban ce mata ciwon haihuwa ne ba tukuna. Ba a kiran ciwon ƙoda na haihuwa sai an kore waɗanda ake kamuwa da su, musamman ma da yake su ne ake iya warkarwa. Leftosfirosis na nan, ana ɗaukarsa daga ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata kuma yana kama mutum ma. Ciwon sanyin mafitsara da ya haura ya kama ƙoda na nan, shi ya sa ake son a ɗebi fitsari kai tsaye daga mafitsara da allura a yi masa gwajin kalca, wato a ga ko ƙwayoyin cuta za su tsiro a cikinsa. Cututtukan kaska irin su elikiya suna sa ƙoda zubar da furotin. Ko gudawa da amai da suka busar da jiki suna ɗaga yuriya (wani dattin jini da ƙoda ke fitarwa) da kiretinin alhali ƙodar lafiyarta ƙalau, da an yi ƙarin ruwa sai su sauka.

Amma bambancin shi ne guba da leftosfirosis yawanci farat ɗaya suke zuwa, kare na wasa jiya yau ya kwanta yana amai, ƙodar ma in an duba a kumbure take ko daidai girmanta. Wannan kuwa wata uku ana tafiya a hankali, ga rashin girma, ga 'yar'uwarta ta bar ta a baya, ga kuma irin da take. Shih Tzu da Lhasa Apso su ne aka fi sani da disfileshiyar ƙoda, wato ƙodar da ba ta gama ginuwa ba wasu sassanta suka tsaya a yadda suke tun tana tayi.

Kuma a rarrabe abu biyu, na haihuwa daban na gado daban. Ana iya haihuwar kwikwiyo da lalatacciyar ƙoda ba tare da iyaye sun gadar masa ba, misali in ƙwayar cutar hafis ta karnuka ta kama shi a ciki ko kwanakin farko. Akwai kuma na gadon da ba ya bayyana sai kare ya girma, kamar ciwon Fankoni a karnukan Basenji da galibi sai sun shekara huɗu zuwa sama ake ganin suga a fitsarinsu alhali na jininsu daidai yake. Don haka cewa an haife ta da shi ba zagin mai kiwo ba ne.

Anti Binta: Ummi ƙanwata ki bi abin da Dokta ya ce ki yi sauri. Ni na rasa nawa, Boxer ne namiji, wata goma sha ɗaya. Tun yana ƙarami yake shan ruwa haka muna ta cewa ai mai kuzari ne shi ya sa, sau biyu ana duba shi ana cewa tsutsa. Sai da ya fara amai da safe, bakinsa na wani irin wari kamar fitsari, dasashinsa ya yi fari, sannan fuskarsa ta kumbura haƙora suka fara girgiɗi, muƙamuƙin in ka taɓa har lanƙwasa yake kamar roba. Ranar da aka yi sikanin likitan ya juyo min da allon ya nuna min ƙodojin 'yan mitsi-mitsi duk sun yamutse. Har yau abin na min ciwo, da a ce tun yana wata huɗu wani ya ce min kawo fitsarinsa da ban san me zai canja ba amma da na san da me muke faɗa.

Ɗalibin Vet: Allah ya ba ki haƙuri Anti. Abin muƙamuƙin nan mun karanta shi, idan ƙoda ta kasa fitar da fosfaros kuma ta kasa kunna bitamin D sai ƙwayar faratairod da ke wuya ta yi ta zuƙe kalsiyam daga ƙashi, a kare mai tasowa ƙashin fuska da muƙamuƙi ne suka fi shan wahala. Farin dasashin kuma ƙarancin jini ne don ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jini. Dokta tambayata, ba za a yi mata gwajin DNA kawai a huta ba? Na ga ana yi wa Cocker Spaniel.

Dokta Vet: Ƙanena ya danganta da wane ciwo da wane iri. A Cocker Spaniel na Ingila an gano takamaiman kuskuren a ƙwayar halittar gado mai suna COL4A4, sai kwikwiyo ya gada daga uwa da uba duka yake kamuwa, kuma gwajin na aiki. A Samoyed kuskuren na kan COL4A5 ne a kromosom X, shi ya sa mazan ke shan wuya su fara zubar da furotin tun suna 'yan watanni, matan kuma su ɗauka su yaɗa. Bull Terrier na da nasu na gado, har da mai sa ƙurajen ruwa a cikin ƙoda wanda sikanin ke nunawa. To waɗancan na Cocker da Samoyed ciwon matatar ƙoda ne, alamarsu ta farko furotin mai yawa a fitsari. Disfileshiya kuwa akwai gwajin DNA da ake tallatawa a kanta amma masana da yawa ba su gamsu da shi ba, ni ba zan ce wa kowa karenka na da ciwo ko ba shi da shi a kan wannan sakamakon ba.

Ummi_R: Jama'a na dawo. Na auna ruwan kwana uku, 460, 500, 480. Na je wani asibitin da fitsarin safe, kaurinsa 1.010. Aka sake jini kiretinin 1.6 yanzu, wani awon ƙoda na jini da suke kira SDMA ya nuna 24, fosfaros ma sun ce ya hau, jininta ya ɗan yi ƙasa. Kalca bai nuna komai ba, gwajin leftosfirosis da na kaska ma babu. Furotin na fitsari wanda suke kira UPC 0.3. Sikanin kuma likitar ta ce ƙodojin biyu ƙanana ne, gefensu ba santsi, kuma ba a bambance ɓawon ƙodar da cikinta sosai. Tun da na dawo nake kuka wallahi, ban ma san me zan tambaya ba.

Anti Binta: Sannu Ummi, yi haƙuri. Ke kin gano da wuri, ba irin nawa ba ne.

Dokta Vet: Sannu Hajiya, kin yi ƙoƙari ƙwarai. Bari in warware miki su ɗaya bayan ɗaya. Ruwa 480 a kilo 2 ya zama 240 a kowane kilo, ya ninka iyaka fiye da sau biyu. SDMA na tashi da wuri fiye da kiretinin, tun an rasa kamar kashi 40 cikin 100, kuma yawan tsoka bai cika shafarsa ba shi ya sa yake da amfani a ramammen kwikwiyo. Iyakarsa a babban kare 14 ce, a kwikwiyo ana ɗagawa zuwa 16, to 24 ya wuce duka biyun. Fosfaros ɗin ne nake so ki ɗan sassauta a kai, kwikwiyo mai tasowa dama nasa ya fi na babba saboda ƙashi na girma, sai an gwada da iyakar tsaransa kafin a ce ya hau. UPC ƙasa da 0.2 lafiya ne, 0.2 zuwa 0.5 kan iyaka, sama da 0.5 zubar furotin ne, nata 0.3 bai yi kama da irin ciwon Samoyed da Cocker ba, ya fi tafiya da disfileshiya.

A ma'aunin IRIS da likitoci ke bi wajen raba ciwon ƙoda mataki-mataki, kiretinin 1.4 zuwa 2.8 mataki na biyu ne, 2.9 zuwa 5.0 na uku, sama da 5.0 na huɗu. Tana farkon na biyu ke nan, amma ba a kafa mataki da awo ɗaya, sai an maimaita bayan sati biyu zuwa uku tana cikin ƙoshin ruwa a ga ko ya tsaya ko yana hawa. An auna mata hawan jini?

Mai Kiwo 77: To amma Dokta kai da bakinka, sikanin na tabbatar da disfileshiya ɗari bisa ɗari? Don ni abin da na sani sai an yanko tsokar ƙodar an duba. In ba a yi ba ai zato ne kawai, kuma a kan zato za a je a ce wa mutum ya daina haɗa karnukansa?

Dokta Vet: Gaskiyarka, sikanin ba ya tabbatarwa, ƙodar da ta daɗe da lalacewa ko ta wace hanya kusan haka take fitowa a allo. Tabbaci sai biyofsi, wato a ciro ɗan yankin ƙodar, a ga ragowar matatun tayi a ƙarƙashin maikiroskof a shekarun da ya kamata a ce sun gama nuna. Kuma ba na allura ba, don lalacewar jefi-jefi take, allura na iya faɗawa wuri mai kyau a ce lafiya, sai an buɗe an yanko ɗan yanki mai ɗan girma. To ka tsaya ka duba, kwikwiya kilo 2, jini ya yi ƙasa, ƙoda ƙanana, a sa mata maganin barci a yanki ɗan abin da ya rage mata mai aiki, ga haɗarin zubar jini, sannan sakamakon ba zai canja kulawar da za a ba ta ba ko kaɗan. Ni ba zan yi ba. In an haɗa shekarunta da irinta da tarihin da sikanin, an kuma kore sauran, likitoci da yawa na tsayawa a nan su yi aiki da shi.

Mai Kiwo 77: Ni kam ban gamsu ba. Ga mai kare ɗaya eh, amma ga mai kiwo maganar ta shafi zuri'a guda.

Ɗalibin Vet: Malam ai ba sai an yanka marar lafiyar ba kafin mai kiwo ya san inda ya tsaya. A duba uwar da uban da sauran 'yan cikin, fitsarin safe, SDMA, sikanin. Sai dai a sani kare na iya ɗauke da 'yar kaɗan ɗin lalacewar ya rayu lafiya gwajinsa na fita da kyau kuma ya haifi mai tsanani, don haka in haɗin nan ya fitar da ɗaya ni a ganina kar a sake haɗa su biyun.

Mai Kiwo 77: Duba sauran 'yan cikin na yarda da shi. Maganar daina haɗawa sai na ga ko wani ya sake fitowa da shi.

Maman Nana: Afuwan na shigo a makare. Ummi jiƙa shimfiɗar nan, tana tsugunawa ta yi ne ko ɗiga yake tana barci ba ta sani ba? Tawa Husky ce haka ta riƙa ɗigar da fitsari kullum bayanta a jiƙe, ashe bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ne ya tsallake mafitsara ya buɗe a ƙasa, shi ma haihuwarta aka yi da shi, aka yi mata aiki ta samu sauƙi sosai.

Dokta Vet: Tambaya mai kyau Hajiya, wannan an fi ganinsa a mata kuma yana jawo ciwon sanyi da kumburin ƙoda, ya kamata mai sikanin ya bi bututun ya duba. Akwai kuma ɗaya da nake so a cire tunda ƙaramin iri ce da ta ƙi girma, wato jijiyar da ke karkatar da jini ya tsallake hanta. Su ma suna shan ruwa da yawa suna tsumburewa, amma su yuriya ɗinsu ƙasa yake yi, ƙodarsu kan yi girma maimakon ƙanƙancewa, wani lokaci su riƙa rikicewa ko tangaɗi bayan sun ci. Sakamakon Ummi bai nuna can ba, amma gwajin bayil asid na jini, mai nuna aikin hanta, zai rufe maganar.

Ummi_R: Maman Nana tsugunawa take yi, tashi take ta yi kawai dai ba ta iya riƙewa har safe, kuma likitar ta ce ta bi bututun biyu suna shiga daidai. Dokta yau mun koma, hawan jininta 150, ta ce bai kai na magani ba amma za a riƙa aunawa duk zuwa. An ɗebi jinin bayil asid ɗin sai jibi zai fito. Na tambaye ta shekara nawa za ta yi ta ce ba za ta iya faɗa da awo biyu ba, wasu na yin watanni wasu na yin shekaru, sai an ga yadda lambobin ke tafiya. Ta hana ni ba ta kowane maganin ciwo ba da saninta ba. Na kira mai kiwon na faɗa masa, bai yi musu ba ya ce zai kai uwar a duba.

Dokta Vet: Madalla. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta nauyinta duk sati da ruwan da take sha, da ranar da ta yi amai ko ta ƙi ci, ki riƙa zuwa da shi. A yi ƙoƙari a maimaita gwajin a lab ɗaya don lambobin su kwatantu. In ta yi amai fiye da sau biyu a rana ko ta ƙi shan ruwa kar ki jira ranar komawa.

Ummi_R: In sha Allah Dokta, na gode Allah ya saka da alheri, Anti Binta ke ma na gode. Ranar 21 za mu koma maimaita jinin. Ƙawata ma ta tari fitsarin 'yar'uwar tata da safen nan ta kai, duk da ita ƙatuwa ce ba ta nuna komai ba, da sakamakon ya fito zan sanar da ku.